Motar Kwaikwayo Ta Ci Wuta: Tambayoyi da Amsoshi Kan Neman Garejin da Za a Amince Masa

A Amurka da Ingila da Afirka ta Kudu akwai mutanen da ke hawa motoci masu siffar tsofaffin motocin da suka yi suna, alhali ba na asalin ba ne. Wasu saye suke yi a haɗe, wasu kuma da hannunsu suke haɗawa a garejin gida, shekara da shekaru. Ranar da wuta ta kama irin wannan mota, mai ita yakan tarar cewa samun wanda zai gyara ta da gaskiya ya fi kashe wutar wuya. Ga tambayoyin da aka fi yi a kan lamarin.

Mece ce motar kwaikwayo, kuma me ya raba ta da ta asali?

Mota ce da aka yi wa bodi irin na wata shahararriyar tsohuwa, amma injinta da ƙafafunta da shasinta daga wani wuri suka fito. Ɗaya daga cikin waɗanda aka fi kwaikwaya ita ce Shelby Cobra, wadda aka ƙera tsakanin 1962 da 1967, kuma duka waɗanda aka yi kimanin dubu ɗaya ne. Ta farkonsu an sayar da ita dala miliyan 13.75 a gwanjon da aka yi a Monterey a 2016. Wanda ba shi da irin wannan kuɗi sai ya nufi kamfani kamar Factory Five Racing na jihar Massachusetts, wanda aka kafa a 1995, ya sayi shasi da bodi, ya ɗora musu injin Ford. Motocin Superformance kuwa a Afirka ta Kudu ake ƙera su, a garin Gqeberha da a da ake kira Port Elizabeth.

Wata mai farin jini kuma ita ce Porsche 356 Speedster, wadda ta fito a 1954. Da yawa daga cikin kwaikwayonta a kan shasin Volkswagen Beetle aka zaunar da su. Tazarar tayar gaba da ta baya a Beetle milimita 2,400 ce, ta Porsche 356 kuma 2,100, don haka sai an yanke kimanin santimita 30 daga shasin a sake yi masa walda. Wannan wurin waldar ka riƙe shi a ranka, za mu komo kansa.

Kusan dukkansu bodinsu na faiba ne, wato zaren gilashi da aka jiƙa da wani irin gam ya daskare. A nan ne gyaransu ya sha bamban da na motar ƙarfe.

Me ke sa su kamawa da wuta?

Fetur da wayoyi, kusan kullum. A motocin da ke da injin Beetle, wuraren da ake zargi sanannu ne. Akwai ɗan bututun tagulla da ke shigar da mai cikin kafireto, wanda cusa shi kawai aka yi, girgiza da nauyin filtar mai kan zare shi, famfo ya ci gaba da fesa fetur a kan inji mai zafi. Akwai tiyon mai da ya tsufa ya tsattsage, ko aka sa wanda ya fi bututun faɗi, domin na Beetle milimita 5.5 ne, wasu kuma su sa mai kwata na inci wanda ya ɗara shi. Fetur mai haɗin etanol, irin E10 da ya zama na yau da kullum a Biritaniya tun Satumban 2021, yana cin tsohuwar roba da sauri. Tankin yana gaba, injin yana baya, kuma mai yakan ci gaba da gangarowa yana ciyar da wutar ko an kashe mota.

A Cobra kuwa, kafireto ne ke ambaliya a kan inji, ko tiyo ya kusanci salansa da ke bin gefen mota. Sai wayarin da mai mota ya yi da kansa ba tare da isassun fyus ba. Akwai kuma kwaikwayon Ferrari da aka riƙa ɗorawa a kan Pontiac Fiero, motar da aka yi daga 1984 zuwa 1988, wadda General Motors ya taɓa kiran ƙirar 1984 a dawo da ita saboda gobarar inji.

Sanin wannan yana da amfani wajen zaɓen gareji. Duk makanikin da ya fara maganar fenti bai tambayi inda wutar ta tashi ba, zai mayar maka da mota mai sheƙi da cutarta a ciki.

Wuta ta mutu. Me zan yi kafin in fara neman gareji?

Kada ka murɗa makulli don jin ko za ta tashi. Cire kan batir idan ana iya kaiwa gare shi lafiya. Ɗauki hotuna ta kowace kusurwa, har da ƙasan mota, kafin a taɓa komai. Idan 'yan kwana-kwana sun zo, nemi rahotonsu a rubuce. Sannan ka kira kamfanin inshora, kada ka bari a wanke ko a kwance wani abu kafin mai kimanta ɓarna ya gani.

Amma ka matsa musu su zo da wuri. Farar hodar da ke cikin yawancin abin kashe gobara tana cin ƙarfe da alminiyam da zarar ta samu danshi. Robar PVC da ke lulluɓe da wayoyi, idan ta ƙone, tana fitar da hayaƙin da ke zama asid in ya haɗu da ruwa. Motar da aka bari a fili wata guda bayan gobara takan yi tsatsa a wuraren da harshen wuta bai ma taɓa ba. A ajiye ta ƙarƙashin rufi, inda iska ke shiga. Wanda zai taɓa ƙonannen faiba ya sa safar hannu da takunkumi, domin zaren yana shiga fata da huhu.

Me zai hana in kai wa mai gyaran bodi na kusa da gida?

Sana'arsa bugun ƙarfe ne, faiba kuwa ba a bugunsa. Motar nan ta haɗa sana'a uku: mai aikin faiba, riwaya da zai iya zana wayarin daga tushe, da makanikin da ya san injin da aka aro. Garejin da ke gyaran motocin haɗari na yau da kullum yana aiki ne da littafin kamfani da lambar kowane kayan gyara. Motar kwaikwayo ba ta da littafi guda. Biyu da suka fito daga kamfani ɗaya ma sukan bambanta, saboda kowace da hannun da ya haɗa ta. Irin waɗannan gareji da yawa za su ce maka ba sa so, kuma wanda ya faɗi haka ya yi maka adalci. Wanda za ka ji wa tsoro shi ne mai cewa “ai mota mota ce, kawo kawai.”

To ina zan fara cigiya?

Fara da kamfanin da ya yi bodin, in yana nan. Chesil a Ingila, Factory Five a Amurka, irinsu sun san garejin da ke sayen kaya a wurinsu, kuma suna iya zuba maka sabon ɓangaren baya ko bonet daga mazubin da aka zuba na farko. Sabon ɓangare daga asalin mazubi ya fi faci goma.

Sai ƙungiyoyin masu irin motar. A taronsu za ka ga aikin gareji da idonka, bayan ya yi shekaru a kan titi, ka kuma ji labarin wanda motarsa ta kwana biyu a wani wuri ba ta fito ba. Kamfanonin inshorar tsofaffin motoci, kamar Hagerty, su ma sun san masu gyara.

Idan babu ƙwararre a kusa, akwai wurare biyu da mutane ke mantawa. Garejin da ke gyaran tsofaffin Chevrolet Corvette, domin tun 1953 da faiba aka fara yin bodinta. Da masu gyaran jiragen ruwa na shaƙatawa, waɗanda kullum cikin faiba suke. Mai jirgin ruwa ba zai taɓa maka inji ba, amma zai iya yin bodi a kai wa mai fenti. Raba aikin tsakanin wurare biyu ko uku ba aibi ba ne, muddin akwai mutum ɗaya da ke riƙe da ragamar aikin, wanda za a tuhuma idan abu ya lalace.

Na shiga garejin. Ta yaya zan gane sun san aikinsu?

Ka rage magana ka kalli abin da mutumin zai yi da motar, ko da hotunanta.

Wanda ya san faiba zai ɗauki kwabo ko ƙaramar guduma ya bi jikin bodin yana ƙwanƙwasawa, har nesa da inda ya yi baƙi. Lafiyayyen faiba yana ba da ƙara mai kaifi. Inda zafi ya raba shimfiɗun zaren da juna, ƙarar takan mutu. Inda ka ga zare fari a bushe kamar gashin masara, gam ɗin ya ƙone ya tafi, wurin ba shi da sauran ƙarfi. Tambaye shi yadda zai gyara. Amsar kirki ita ce zai yanke har sai ya kai ga lafiyayyen wuri, ya goge bakin ya yi masa doguwar gangara, sannan ya shimfiɗa sabon zare falle bayan falle, ciki da waje. Idan ya ce zai cike da fila ya goge ya fesa fenti, gode masa ka tafi. Aikin zai yi kyau ranar karɓa, zafin rana na wata shida zai fito da tsagar.

Nemi ya nuna maka hotunan wani aikin gobara da ya taɓa yi, musamman na tsakiyar aiki, lokacin da mota ke tsirara. Hoton mota bayan fenti kowa yana da shi. Nemi lambar mutum biyu da ya yi wa aiki shekaru uku ko huɗu baya, ka kira su da kanka, ka tambaye su ko kuɗin da aka faɗa da farko ya yi kusa da wanda suka biya, da kuma ko an amsa musu waya bayan sun biya.

Sai ka zagaya. Motocin da ƙura ta lulluɓe, tayoyi a sace, an jibga kwalaye a kansu, suna ba da labarin masu su. Duba ko ana ajiye kayan kowace mota a wuri guda da suna a jiki. Duba ko akwai abin kashe gobara a bango. Ka tambaya kai tsaye ko inshorar garejin ta shafi motocin mutane da ke ajiye a wurinsu, ka ce a nuna maka takardar. A Amurka shaidar ƙwarewar masu gyaran mota, irin ta ASE ko ta I-CAR, da ke rataye a ofis alama ce mai kyau, sai dai ba ta nuna cewa mutum ya taɓa gyara Speedster ta faiba ba.

Abu ɗaya da na fi ba muhimmanci: garejin gaskiya ba ya yanke maka kuɗin aiki gaba ɗaya kafin ya kwance mota. Zai ce ka biya kuɗin kwancewa da bincike, bayan nan a zauna.

Yaya ake sanin ko shasi ya tsira?

Abubuwan da suka narke su ne ma'aunin zafin da aka yi. Ƙarfen kafireto mai haɗin zinki yana narkewa a wajen digiri 400 na ma'aunin Salsiyos. Alminiyam sai a digiri 660. Jan ƙarfen waya sai ya haura 1,000. Baƙin ƙarfe ba ya narkewa a irin wannan gobara, amma a wajen digiri 600 yakan rasa kusan rabin ƙarfinsa, ya lanƙwashe ƙarƙashin nauyin inji, ya huce a haka. Don haka idan an ga narkakken alminiyam kusa da shasi, dole a sauke bodi, a auna shasin kusurwa zuwa kusurwa, a gwada da ma'aunin kamfani. Ido kaɗai ba ya gani.

A Speedster mai shasin Beetle, a duba wurin waldar nan da aka gajarta, da ƙahonni biyu da ke ɗauke da giya da inji. Sifirin, da sandunan ƙarfe masu murɗawa da Beetle ke amfani da su a madadinsa, idan suka sha zafi sukan saki, ba sa dawowa. Wilin alminiyam da ya yi kusa da wuta a jefar da shi ko da yana sheƙi. Haka tiyon birki, man birki, shokazoba, taya, da bel ɗin kujera. Garejin da ya ce zai wanke waɗannan ya mayar don ya rage maka kuɗi, da ranka yake ciniki.

Ana iya yi wa wayoyin faci?

A'a. Zafi yana bin jan ƙarfe ya busar da robar da ke nesa da inda aka ga ƙuna, a cikin naɗi inda ba a gani. A canza wayarin gaba ɗaya. Motocin nan wayoyinsu ba su da yawa, kuma ana sayar da su a haɗe. Ka sa a cikin yarjejeniya cewa riwaya zai ba ka zanen wayarin a takarda.

Injin fa, ya tafi ke nan?

Ba lallai ba. Injin Ford mai tukunyar baƙin ƙarfe yakan tsira idan wutar ba ta daɗe ba, a canza kafireto da duk wata roba da gasket, a duba ko ruwa ko hoda sun shiga ciki. Na Beetle ya fi haɗari, domin tukunyarsa da ta giyarsa haɗin magniziyam ne. Idan magniziyam ya kama, yana ci da farin haske, ruwa kuma ƙara masa ƙarfi yake yi. Wanda bai kai ga kamawa ba ma yana iya karkacewa. Sai an kwance an auna. Sauƙin abin shi ne an ƙera Beetle fiye da miliyan 21 kafin a daina a Puebla ta Meksiko a 2003, kayan injinta ba su yi wuya ba har yau.

Yaya zan biya ba tare da an cuce ni ba?

A rubuce, kuma mataki mataki. Kwancewa da bincike, shasi, faiba, wayarin da inji, fenti, haɗawa. Kowane mataki da kuɗinsa, kuma ba a biyan na gaba sai ka ga na baya da idonka ko a hoto. Kafin alƙalami ya tsaya daidai kuɗin kayan da za a sayo, da rasit. Mutumin da ya nemi rabin kuɗin aiki tun ranar farko, sau da yawa motar wani zai ƙarasa da kuɗinka.

Takardar ta faɗi kuɗin awa guda, da cewa ba za a ƙara wani aiki ba sai da izininka, da ko akwai kuɗin ajiya, da tsawon garantin fenti da na faiba. A ƙasashe da yawa doka ta ba gareji damar riƙe mota har sai an biya shi, don haka saɓani kan kuɗi yakan bar mai mota a ƙasa. Tsofaffin kayan da aka cire a ajiye maka su. Ka riƙa leƙawa lokaci lokaci ba tare da sanarwa ba.

Inshora ta ce motar ta tashi aiki. Magana ta ƙare?

Ya danganta da irin inshorar da ka yanka. Idan tun farko kun amince da ƙimar motar a rubuce, wannan adadi za su biya. Idan ta gama-gari ce, suna iya kallon takarda su ga Beetle ta 1971 su yi maka kuɗin Beetle. A nan rasit ɗin haɗa motar da hotunanta kafin gobara suke aiki, tare da rahoton mai kimantawa mai zaman kansa.

Sau da yawa ana iya karɓar kuɗi a rage wani abu a bar maka gawar motar. Sai dai ka san tambarin da za a buga mata. A Biritaniya, tun Oktoban 2017, rukuni huɗu ne: A a murƙushe ta duka, B a cire kaya amma ba za ta koma titi ba, S ɓarnar ta taɓa ƙashin mota amma ana iya gyarawa, N ba ta taɓa ba. A Amurka kowace jiha da dokarta, kuma takardar motar da aka ayyana ta lalace tana rage mata daraja ko bayan gyara. Idan za a canza shasi, a tambayi hukumar rajista tukuna, domin lambar motar a jikinsa take, kuma a Biritaniya sabon shasi na iya jawo sabon gwajin IVA, wato binciken lafiyar mota da hukuma ke yi kafin rajista.

Kamfanin inshora zai iya ba ka sunan garejinsa. Ka auna shi da ma'aunin da ka auna sauran.

Na ga irinta a gwanjon intanet da araha. In saya in kawo Najeriya a gyara?

Motocin kamfanonin gwanjo na Amurka, Copart da IAA, suna shigowa Afirka ta Yamma ta Legas da Kwatano kullum, kuma a cikinsu akan ga masu tambarin gobara. Ta ɓangaren inji akwai dama: Volkswagen ya taɓa haɗa Beetle a Legas, ya fara a 1975, kuma har yanzu akwai dattawan kanikawa da suka tashi a kan wannan inji mai sanyaya kansa da iska. Masu walda da riwaya ma ba a rasa ba. Inda za ka sha wuya shi ne bodi. Ɓangaren bayan Speedster ko bonet ɗin Cobra ba abin da za ka samu a Ƙofar Ruwa ko Panteka ba ne, sai an yi oda daga waje, ga kuɗin jirgi ga kwastan. Sannan hoton gwanjo ba ya nuna shasi. In ba ka da wanda zai je ya duba ta a can kafin ka taya, bar ta.

Yaushe ya kamata a haƙura?

Idan shasi ya karkace kuma fiye da rabin bodi ya ƙone, abin da ake kira gyara sabuwar mota ce ake haɗawa. Wannan ne wurin da motar kwaikwayo ta fi ta asali sauƙi. Cobra ta asali ana sake gina ta ko da lambarta kaɗai ta rage, saboda darajar lambar. Ta kwaikwayo kuwa, sayen sabon shasi da bodi a kwashe abin da ya tsira a mayar a kai yakan fi araha, ya fi aminci. Makanikin kirki zai gaya maka haka ko da zai rasa aikin.

Me zan duba ranar karɓar mota?

Je da rana, ka sa a fito da ita fili. Kalli bodin ta gefe, ko akwai tudu da kwari a inda aka haɗa sabo da tsoho. Leƙa ta ciki ka ga shimfiɗar zaren. A tayar da inji a bar shi ya yi zafi, a kashe, ka sunkuya ka shinshina. Warin fetur ko kaɗan ne, motar ba ta gama ba. Tabbatar tiyon mai sabo ne mai jure etanol, irin mai lamba SAE J30 R9, da maɗauri a kowane baki, kuma an fitar da filtar mai daga ɗakin inji. A sa makashin batir da za a iya kaiwa da hannu, da abin da ke tsayar da mai idan an kashe mota. Akwai wani tiyo da ake kewayawa a saman inji wanda ke fashewa da kansa ya feso maganin wuta idan zafi ya yi yawa, masu injin Beetle da yawa suna sa shi. Abin kashe gobara ya kasance kusa da direba, ba a but ba.

Karɓi hotunan aikin, ma'aunin shasi, zanen wayarin da rasit duka a fayil guda, domin inshora da mai saye na gaba za su nema. Ka yi tafiya gajera a makon farko, sannan ka mayar da ita garejin a sake ɗaure kusoshi da maɗauran tiyo kafin ka biya ragowar kuɗin.